Darasi: Tarihin Ƙauyen Hatzerim Da Fasahar Ban Ruwa Na Ɗigo, Da Yadda Ake Lissafinta A Lambun Ikara, Maƙarfi Da Kudan

 Darasin yau ya ɗan fita daga batun wayar salula da manhajoji, ya leƙa gona. Dalili kuwa shi ne, akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai girman ɗan yatsa ba, ba ta da batir, ba ta buƙatar data, amma ta sauya yadda ake noman rani a ƙasashe fiye da 100. Wannan na'ura ita ce maɗigin ruwa, wato ɗan abin da ake sakawa a cikin tiyo don ya riƙa sakin ruwa ɗigo-ɗigo a gindin shuka.

Duk wanda ya san yankin Ikara, Maƙarfi da Kudan ya san muhimmancin noman rani a wurin: tumatir da tattasai da albasa a fadamu, rake da mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi, ga kuma gonakin inabi da suka sa sunan Kudan da Hunƙuyi ya shiga jaridu. Kusan duk wannan noma a kan injin ban ruwa mai shan fetur ya dogara. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, kowace lita ta ruwa da aka ɗaga daga rijiya ta zama kuɗi. Saboda haka darasin zai bi tarihin ƙauyen da ya mayar da ban ruwa na ɗigo sana'a, ya bayyana yadda na'urar ke aiki, sannan ya koyar da lissafin da mai karatu zai iya yi da kalkuletar wayarsa.

Mece ce kibuts?

Kibuts kalma ce ta Ibraniyanci, ma'anarta taro ko haɗuwa. Ƙauye ne na noma da Yahudawa 'yan ƙaura suka ƙirƙiro a ƙasar Falasɗinu, inda gona da dabbobi da kayan aiki da kuɗin shiga duk na jama'a ne baki ɗaya. Na farko shi ne Deganiya, wanda aka kafa a 1910 kusa da Tafkin Tabariyya, lokacin yankin yana hannun Daular Usmaniyya ta Turkiyya.

A tsarin asali babu albashi. Kowa ya yi aikin da aka ɗora masa, a ba shi ɗaki da abinci da sutura da magani. Ɗakin cin abinci guda ne ga kowa, yara kuma suna kwana a gidan yara na musamman, iyaye su gan su da yamma. Manyan shawarwari a babban taron 'yan ƙungiya ake yanke su ta hanyar ƙuri'a, muƙamai kuma karɓa-karɓa ake yi, ta yadda ma'ajin bana zai iya komawa garken shanu bayan 'yan shekaru.

Akwai wani tsari na biyu mai suna moshab, wanda ya fara da ƙauyen Nahalal a 1921. A nan kowane gida da gonarsa da ribarsa, amma sayen taki da iri da kayan aiki da kuma sayar da amfani a tare ake yi. A riƙe wannan bambanci, domin zai dawo idan an zo batun Najeriya.

Dare ɗaya, ƙauyuka 11

Hamadar Negeb, wadda Larabawa ke kira Naƙab, ita ce kudancin ƙasar, kuma a yau ta haura rabin faɗin Isra'ila. Ruwan saman da ke sauka a babban garinta, Bi'ir Saba, bai wuce kimanin milimita 200 a shekara ba. Zariya tana samun wajen milimita 1,000, wato ninki biyar.

A 1943 ƙungiyoyin Yahudawa sun kafa ƙananan sansanoni uku a hamadar don gwajin ƙasa da yanayi: Gvulot, Beit Eshel da Revivim. A watan Yulin 1946 aka fito da wani tsari na Birtaniya da Amurka mai suna Morrison-Grady, wanda ya cire Negeb daga yankin da za a bai wa Yahudawa. Martaninsu shi ne, a daren 5 zuwa 6 ga Oktoban 1946 suka kwashi katako da tantuna da tankunan ruwa a manyan motoci, kafin gari ya waye sun kafa ƙauyuka 11. Ɗaya daga ciki shi ne Hatzerim, kimanin kilomita 8 yamma da Bi'ir Saba, wanda wasu matasa 'yan sikawut suka tare a cikinsa.

Manufar wannan aiki ta siyasa ce: a nuna cewa akwai Yahudawa zaune a wurin kafin a shata iyaka. Kuma ta yi tasiri, domin a watan Nuwamban 1947 ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 181 ya sanya mafi yawan Negeb a ɓangaren ƙasar Yahudawa.

Hamadar ba kango ba ce a lokacin. Larabawa makiyaya, wato Badawiyyai, suna kiwo a cikinta suna noman sha'ir da alkama tun ɗaruruwan shekaru. Masana tarihi sun kiyasta yawansu kafin yaƙin 1948 tsakanin 65,000 da 95,000. Bayan yaƙin, kimanin 11,000 ne suka rage. Sauran an kore su ko sun tsere zuwa Gaza, Sina'i da Jodan. Waɗanda suka rage an tattara su a wani keɓantaccen yanki ƙarƙashin mulkin soja har zuwa 1966. Har gobe akwai ƙauyukan Badawiyyai da gwamnatin Isra'ila ba ta amince da su ba, ba a ja musu ruwan famfo da wuta kamar maƙwabtansu ba, kuma an rushe ƙauyen Al-Araƙib fiye da sau 200. Duk wanda ya ji labarin "hamadar da aka mayar kore" ya haɗa shi da wannan ɓangare, domin su biyun a fili guda suka faru.

Ƙasa mai gishiri da bishiya guda

Ruwan farko da ya isa waɗannan ƙauyuka ya biyo wani dogon bututu ne da aka shimfiɗa a 1947, da tsofaffin bututan da aka sayo daga Landan, waɗanda aka yi amfani da su wajen kashe gobara a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Injiniyan da ya tsara aikin shi ne Simcha Blass, haifaffen birnin Warsaw na ƙasar Polan a 1897, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin ruwa na Mekorot a 1937.

Samun ruwa bai kawo ƙarshen wahalar Hatzerim ba. Ƙasar wurin tana da gishiri, shuka ta fito ta ƙone. A shekarun 1950 abin ya kai har 'yan ƙauyen suka yi ta muhawara a kan ko su tashi su bar wurin. Daga baya suka gano yadda za su wanke gishirin ya nutse ƙasa da saiwa, amma noma kaɗai bai riƙe su ba, suka shiga neman wata ƙaramar masana'anta da za ta samar wa wasu daga cikinsu aiki.

Shi kuwa Blass yana da wani tunani da ya daɗe yana yawo da shi. A shekarun 1930 an nuna masa wani jerin bishiyoyi, ɗaya ta fi sauran girma nesa ba kusa ba, alhali saman ƙasar da ke gindinta a bushe yake. Da aka tona sai aka tarar da mahaɗar wani bututu tana yoyo, ta jiƙa ƙasar da ke kewaye da saiwar a siffar albasa. Ruwa kaɗan, amma kullum, kuma daidai inda ake buƙata.

Mayar da wannan yoyo na'ura ya ɗauki shekaru. Idan aka huda ƙaramin rami a bututu, yashi ya toshe shi. Idan aka faɗaɗa ramin, ruwa ya yi tsartuwa, shukar da ke kusa da tanki ta sha ta ƙoshi, ta ƙarshen layi ta kwana da ƙishi. Sai da roba ta yi arha bayan yaƙi, a ƙarshen shekarun 1950, Blass da ɗansa Yeshayahu suka samo dabara: a bar ramin da faɗinsa, amma a tilasta wa ruwa ya bi wata doguwar siririyar hanya mai murɗiya kafin ya fito. Gogayya da bangon hanyar ta cinye ƙarfinsa, ya fito ɗigo-ɗigo.

Malaman noma da yawa sun yi wa abin kallon wasa. Amma Hatzerim, ta hannun wani ɗan ƙauyen mai suna Uri Werber, ta ƙulla yarjejeniya da Blass a 1965, aka kafa kamfanin Netafim, wanda ma'anar sunansa ita ce ɗige-ɗige. A 1966 aka fara ƙera kayan.

Ba su kaɗai suka yi wannan tunani ba. Tun fiye da shekara 2,000 manoman Sin ke binne tulun ƙasa cike da ruwa a gindin shuka ya riƙa tsatsafowa. An yi gwajin bututan yumɓu a ƙarƙashin ƙasa a Jamus a shekarun 1860, kuma a Amurka wani mai suna Richard Chapin ya fito da siririn tiyon ɗigo a farkon shekarun 1960. Abin da Hatzerim ta yi fice a kai shi ne, masu ƙera kayan su ne masu noman. Abin da aka ƙera da safe ana iya gwada shi a gonar ƙauye da yamma, kuma mai tallan kayan ya san yaren manomi. Masu rubuta manhaja sun san darajar wannan: wanda ke amfani da abin da ya gina da hannunsa shi ke fara cin karo da matsalarsa.

Yadda maɗigi ke aiki

Maɗigin zamani yana da sassa uku, dukansu a cikin 'yar robar da aka manna a cikin tiyo tun daga masana'anta.

Na farko, 'yar matata a bakin shiga, mai tare ɓarɓashi.

Na biyu, hanya mai haƙora kamar na zarto. Ruwa yana karo da haƙoran yana juyi, ƙarfinsa na raguwa, juyin kuma yana hana laka kwanciya. Wanda ya taɓa buɗe rediyo ko caja zai gane aikin: daidai yake da na resisto, mai rage ƙarfin wuta kafin ta isa ƙaramin ƙwan fitila.

Na uku, a cikin masu tsada kaɗai ake samunsa: wata 'yar fatar roba mai laushi. Idan turin ruwa ya ƙaru sai ta danne ta matse mafita, idan ya ragu ta saki. Da haka maɗigin da ke kan tudu da wanda ke kwari suke ba da ruwa daidai wa daida. Aikinta ya yi kama da na sitabilaiza da ake haɗa wa firji. Injiniya Rafi Mehoudar ne ya ƙirƙiro wa Netafim wannan nau'i a shekarun 1970.

Ana rubuta ƙarfin maɗigi da lita a awa, galibi tsakanin 1 zuwa 4. Da yake ruwan a gindi yake sauka, tsakanin layuka yana zama a bushe, ciyawa ta ragu, ganye bai jiƙe ba balle cututtukan da danshi ke jawowa su samu ƙofa. Ana kuma iya narkar da taki a tanki ya bi ruwan kai tsaye zuwa saiwa.

Inda kibuts ta kwana

A tsakiyar shekarun 1980 tattalin arzikin Isra'ila ya shiga rikici, hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100 a 1984. Kibuts da yawa da suka ci bashi suka rasa yadda za su biya, sai da aka yi yarjejeniyar sassauci da bankuna da gwamnati a 1989 da 1996. Matasa suka yi ta ficewa zuwa birane. An daina kwanan yara a gidan yara, kuma mafi yawan kibuts kimanin 270 da ke ƙasar sun koma biyan albashi gwargwadon aiki. Ita kanta Deganiya ta bi wannan hanya a 2007.

Hatzerim tana cikin 'yan kaɗan da suka riƙe asusun bai-ɗaya, kuma masana'antar ce ta ba ta wannan dama. A 2017 kamfanin Mexichem na ƙasar Meziko, wanda yanzu ake kira Orbia, ya amince ya sayi kashi 80 cikin 100 na Netafim a kan kimanin dala biliyan 1.5, ƙauyen ya riƙe kashi 20.

An gwada kwaikwayo a Najeriya

A 1959 gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta buɗe matsugunan noma a kan tsarin moshab, irin su na Ilora, don samar wa waɗanda suka gama firamare aiki. Jihar Gabas ƙarƙashin Dokta Michael Okpara ta bi sahu da irin su Igbariam da Ohaji. Kuɗin zaunar da mutum ɗaya ya yi yawa, jami'an gwamnati ne ke yanke shawara, matasa da dama suka ɗauki kansu ma'aikatan gwamnati masu jiran alawus, wasu suka gudu. Yaƙin basasa na 1967 ya ƙarasa na Gabas.

A Arewa, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta ƙi hulɗa da Isra'ila, ta ƙi karɓar tallafinta. Amma Arewa ta riga ta ɗanɗana nata gwajin tun zamanin Turawa. A 1949 aka buɗe wani babban aikin zaunar da manoma a Mokwa, tarakta ta share daji ta yi huɗa, aka yanka wa kowane gida makeken fili. Sai dai noman ciyawa da girbi da hannu ake yi, filin ya fi ƙarfin hannuwan gida guda, kamfani kuma shi ke kwasar kaso mafi tsoka na amfanin. A 1954 kamfanin Turawan ya janye.

A duk waɗannan wurare daga ofis aka tsara wa mutane zama tare. 'Yan Hatzerim su suka zaɓi junansu, su ke riƙe da littafin kuɗinsu. Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fanni: ga gandu, inda uba da 'ya'ya ke noma gona guda su ci daga rumbu guda, kowa kuma da gayaunarsa, ga gayya, ga adashi. Tsarin moshab bai yi nisa da gandu da gayauna ba.

Gwajin da ya fi kusa da bukatar ƙaramin manomi a Nijar aka yi shi. Farfesa Dov Pasternak, masanin noman hamada daga Jami'ar Ben-Gurion, ya yi kusan shekara 10 daga 2001 a cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, inda aka haɓaka lambun ɗigo mai aiki da tankin da aka ɗaga sama kaɗan, ba tare da injin turi ba. Wani ɗan Nijar kuma, Abdou Maman Kané, ya ƙirƙiro tsarin kunna ban ruwa da kashe shi ta wayar salula daga nesa, wanda ya ci masa babbar kyautar ruwa ta duniya ta Sarki Hassan na Biyu a 2015.

Lissafi: lambu mai murabba'in mita 500

Yanzu a buɗe kalkuleta. Ƙa'idar farko: milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1.

A ɗauki lambun tumatir mai faɗin mita 20 da tsawon mita 25, wato murabba'in mita 500. Hukumar abinci ta duniya, FAO, ta kiyasta cewa tumatir na shan milimita 400 zuwa 600 daga dashe zuwa gama tsinka. A ɗauki 500.

Mataki na 1. Abin da shuka ke buƙata: 500 sau 500, lita 250,000.

Mataki na 2. Ba duk ruwan da aka ɗaga ke isa saiwa ba. A ma'aunin FAO, ban ruwa na kwarara, irin na fangali da kwarin kunya, kimanin kashi 60 cikin 100 ne ke amfani, na ɗigo kuwa kimanin kashi 90. Don haka mai fangali zai ɗaga 250,000 a raba da 0.6, wajen lita 417,000. Mai ɗigo zai ɗaga 250,000 a raba da 0.9, wajen lita 278,000.

Mataki na 3. Bambanci: kimanin lita 139,000, wato kusan duro 700 mai cin lita 200. Kashi ɗaya bisa uku ke nan na aikin inji, da fetur ɗin da zai sha.

Mataki na 4. Awa nawa za a buɗe ruwa? A ce a tsakiyar zafi shuka na neman milimita 6 a rana: 6 sau 500, lita 3,000, a raba da 0.9, kimanin lita 3,330. Idan an ja layi 20, kowanne mita 25, an samu mita 500 na tiyo. Idan tazarar maɗigai santimita 40 ce, 500 a raba da 0.4 ya ba da maɗigi 1,250. Kowanne na ba da lita 1 a awa, jimla lita 1,250 a awa. To, 3,330 a raba da 1,250, awa 2 da minti 40 a rana. Ana iya raba shi biyu, safe da yamma.

Wannan lissafi yana da muhimmanci na musamman a yankin Zariya, domin ƙarƙashin ƙasar dutse ne, burtsatse da yawa ba su ba da ruwa mai yawa a lokaci guda. Rijiyar da ba za ta iya cika fangali ba tana iya cika tanki a hankali da famfon sola, tankin kuma ya shayar da lambu. Ga mai rake kuwa lissafin ya ninka, tun da rake na shan milimita 1,500 zuwa 2,500 kafin a sare shi. Inabi da sauran shuka masu daɗewa a jere su ne suka fi dacewa da ɗigo, domin sau ɗaya ake shimfiɗa tiyo ya yi shekaru.

Game da tanki: kowace mita 10 ta tsawo tana ba da turi na ba 1. Tankin da aka ɗora a kan mita 1.5 yana ba da 0.15 kacal. Saboda haka a tambayi mai shago tiyon da aka yi don ƙaramin turi. Maɗigi mai fatar roba yana buƙatar turin da ya fi haka kafin ya fara aiki daidai.

Inda waya ke shigowa

Matashin da ya iya ɗan rubuta manhaja zai iya haɗa mai kula da ban ruwa da kayan da ake samu a kasuwa: allon ESP32 ko Arduino, na'urar sansano danshin ƙasa, rile, bawul mai amfani da wuta, da SIM800L mai karɓar layin waya don tura saƙon tes. Umarnin da za a rubuta bai wuce haka ba: idan danshi ya sauka ƙasa da lamba kaza, kuma safiya ce, a buɗe bawul na minti kaza, a rufe, a tura wa mai gona saƙo.

Abubuwa uku ne ke kayar da masu fara wannan aiki. Na'urar sansano danshi mai ƙarafa biyu a fili tana yin tsatsa cikin 'yan makonni, a nemi mai rufin jiki wadda ake kira kafasitif. Lambar da take bayarwa ba ta da ma'ana sai an auna ta a busasshiyar ƙasar gonar da kuma jiƙaƙƙiya, domin jigawa da laka ba ɗaya ba ne. Sannan bawul irin na injin wanki ba ya buɗewa sosai da raunanan turin tanki, mai ɗan moto a jiki shi ne ya dace.

Wanda bai kai nan ba ma wayarsa na da aiki: manhajar auna faɗin gona da GPS, hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, da Google Sheets don rubuta kuɗin da ya shiga da wanda ya fita.

Abin da ɗigo ba ya magancewa

Toshewa ita ce babbar cutarsa. Ruwan rafi da na kududdufi sai da filta, galibi mai lamba 120, a riƙa wanke ta, a kuma riƙa buɗe ƙarshen layuka ana zubar da laka. Yuriya tana narkewa tas, amma NPK na buhu yana barin gari mai toshe maɗigi. Ɓera na cizon tiyo don neman ruwa, wutar ƙona gona na narkar da shi, ga dabbobi, ga masu ɗauke-ɗauke.

Ɗigo ba ya hana tsutsar Tuta absoluta, wadda ta cinye gonakin tumatir a 2016 har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman. Ba ya kuma ɗaga farashi a lokacin da kowa ya tsinka a tare, kwando ya faɗi warwas. Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara, wanda aka kafa a farkon shekarun 1980 don irin wannan rana, ya shafe shekaru masu yawa a rufe. Akwai kuma tarko guda: wanda ya samu rarar ruwa yakan faɗaɗa gona, kuma famfon sola ba ya cin kuɗin mai balle a ji zafin barinsa a kunne. Idan kowa a fadama ya yi haka, rijiyoyi za su ja baya.

Sai tsadar farawa. Famfon sola da tanki da filta sun fi ƙarfin aljihun matashi ɗaya, amma rijiya ɗaya da famfo ɗaya na iya shayar da lambuna da dama idan aka yi jadawali. A nan tsarin moshab ke da amfani: kowa da filinsa da ribarsa, rijiya da famfo da sayen taki da hayar motar kai kaya kasuwa na kowa da kowa. Abin da ke wargaza irin wannan haɗaka sananne ne, wato kuɗi a hannun mutum ɗaya ba tare da rubutu ba. Maganinsa rubutacciyar yarjejeniya da shaidu, rajista a matsayin ƙungiyar gama-kai, asusun banki mai sa hannun mutum biyu ko uku, littafin kuɗi da kowa zai iya buɗewa a wayarsa, da wani kaso da ake warewa duk kaka don gyara da sabunta tiyo. Ga masu neman shawarar ƙwararru, cibiyar binciken noma ta IAR da ta faɗakar da manoma ta NAERLS duk suna Samaru, tafiyar da ba ta da nisa daga waɗannan ƙananan hukumomi uku.

Aikin gida

A auna wani lambu na gida ko na maƙwabci da manhajar GPS, a maimaita matakai huɗun nan da ainihin faɗinsa. Sannan a tambayi mai lambun lita nawa ta fetur injinsa ya sha a ranin da ya wuce, a cire kashi ɗaya bisa uku, a buga da farashin mai na yau. A kwatanta abin da ya fito da farashin tiyo da filta da tanki a kasuwar Sabon Garin Zariya ko Kano. Wannan zai nuna rani nawa kayan za su yi kafin su biya kuɗinsu. Idan lissafin ya yi kyau, a fara da layi biyu ko uku a gefen fangali, iri ɗaya, ranar dashe ɗaya, a rubuta kwandon da kowane ɓangare ya bayar. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa albarka a noman bana.